Gem ɗin da na gina a kan zanen da ba nawa ba

Har yanzu idan na ci karo da sanarwar nan mai cewa "muna neman mai rubuta kod, za a raba riba idan gem ya fito", sai na ji raina ya sosu. Irinta ce ta kai ni cikin ƙungiyar farko da na taɓa shiga, kuma a can ne aikin da ya fi cin lokacina tun da na fara sha'awar haɗa gem, wato wasan kwamfuta ko na waya, ya tafi a banza.

Da Unity na fara, wata manhajar haɗa gem, kamar yawancin mutane, ina bin bidiyon YouTube ina kwafar abin da mai koyarwa ya rubuta layi bayan layi. A watan Satumbar 2023 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowane saukewa da aka yi wa gem, duniyar masu haɗa gem ta ɗauki ɗumi. Maganar ba ta ma shafi irina ba, tunda sai gem ya kawo dala 200,000 a shekara kafin ta hau kansa, kuma bayan shekara guda suka janye ta gaba ɗaya. Amma na bi ayarin masu komawa Godot, wata manhajar irinta, kuma ban yi da-na-sani ba. Kyauta ne, data kaɗan ke sauke shi, tsohuwar laftof ɗina tana jan shi ba tare da ta yi ta huci ba, sannan harshensa na rubuta kod, GDScript, ya yi kama da harshen Python da na ɗan taɓa. Wannan ɓangaren ya tafi lafiya, ba sai na tsaya a kai ba.

Ƙungiyar da nake magana a manhajar hira ta Discord take. Shugabanta yana da wani kundi mai shafuka da yawa: tarihin masarautu, sunayen kabilu, taswirar nahiya guda, har da irin kuɗin da ake kashewa a kowane gari. Abu ɗaya ne babu a ciki, wato abin da mai buga gem ɗin zai yi da yatsunsa idan ya kunna. An yi ta taro, an yi ta gardama a kan sunan sarauniya, kowa yana ƙasarsa da agogonsa, ni ina hana idona barci don in dace da lokacinsu. Sannu a hankali mutane suka fara sulalewa. Mai kiɗa ya ce jarabawa ta taso, marubuci ya daina amsa saƙo, shi kansa shugaban ya ɓullo da wani sabon tunani da ya ce ya fi wannan. Aka bar ni da mai zane.

Shi kam gwani ne, wannan ba zan danne masa ba. Zanen fiksil yake yi, wato wanda ake haɗawa da ƙananan ɗigogin allo ɗaya bayan ɗaya, irin na tsofaffin gem, kuma hannunsa na da kyau ƙwarai. Muka ce tunda kowa ya watse mu rage abin ya dawo daidai ƙarfinmu: jarumi ɗaya da takobi, kufai ɗaya, matakai 'yan kaɗan. Yana zanawa yana zubawa a wata folda ta Google Drive, ni ina ɗauka ina ginawa. Watanni muka yi a haka, kuma a tsakanin nan ne na koyi kusan duk abin da na sani game da motsin ɗan wasa, tsalle, karo da bango, da yadda abokin gaba ke bibiyar mutum.

Sai wata safiya saƙonsa ya shigo. Ya ce ya yanke shawarar tattara zanen nan ya sa su a kasuwa, saboda haka yana roƙon in cire su daga gem ɗin, kuma yana mini fatan alheri. Cikin ladabi ya rubuto, babu zagi babu faɗa, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan, don ban ma sami inda zan kama in yi fushi ba. Kafin yamma foldar ta rufu, domin tasa ce tun asali.

Na nemi hujjar da zan tsaya a kai, ban samu mai ƙwari ba. Haƙƙin mallakar zane yana hannun wanda ya zana tun daga lokacin da ya zana shi, ba sai ya yi rajista ba, haka abin yake a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne, har da Najeriya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta ce miƙa haƙƙi ga wani, ko ba shi lasisin da shi kaɗai zai yi amfani da aikin, ba ya tabbata sai a rubuce. Mu kuwa abin da ke tsakaninmu bai wuce "mu yi tare" ba. Ko da a ce ina da abin cewa, wa zan kai ƙara, a wace ƙasa, a kan gem ɗin da bai taɓa kawo ko sisi ba?

Wanda bai taɓa haɗa gem ba zai ce ai sai ka canza hotuna, shi ke nan. Ina ma haka ne. Saran takobin jarumin hotuna shida ne a jere, kuma a na huɗu ne kaifin ke sauka, don haka a daidai nan na ɗaure akwatin da ke lissafa bugu, a nan ƙarar ke fita, a nan allon ke ɗan girgiza. Tubalan ƙasa fiksil 16 ne kowanne, tsallen jarumi na auna shi da tsawon tubali uku, faɗin kowane rami a kowane mataki daga wannan ma'aunin ya fito. Da na kawo zanen kyauta na maye gurbinsu, jarumin ya zo da wani tsawo daban, saransa hotuna huɗu ne, takobinsa gajere. Sai ga shi yana sara a iska abokin gaba na faɗuwa, yana tsayawa rabin ƙafarsa cikin ƙasa. Na yi ta gyara har na gane cewa sabon gem nake ginawa da ƙasusuwan tsoho, na rufe foldar na bar shi.

Bayan nan sai da na ɗauki lokaci ban yarda na haɗa aiki da kowa ba. Abin da ya dawo da ni shi ne gasar nan ta haɗa gem cikin ƙanƙanin lokaci da ake kira jam. Ludum Dare tana cikin waɗanda suka fi daɗewa, tun 2002 ake yinta: awa 48 ga mai aiki shi kaɗai, awa 72 ga ƙungiya. Akwai Global Game Jam da ake yi duk watan Janairu tun 2009, akwai ta GMTK da Mark Brown, mai tashar YouTube ta Game Maker's Toolkit, ke shiryawa a itch.io, shafin da masu haɗa gem ke ɗora ayyukansu, ga kuma ƙanana barkatai a wannan shafin, kusan kullum akwai wadda ke gudana. Na shiga ni kaɗai da farko, da zanen shafin Kenney mai raba zanen gem kyauta, waɗanda lasisinsu CC0 ne, wato ka ɗauka ka yi abin da ka ga dama ba mai zuwa ya ce ka cire. Abin da na fitar ba shi da kyau, amma yana da farko yana da ƙarshe, kuma mutane sun buga shi a burauza sun bar sharhi.

A jam ne na gane yadda ake auna abokin aiki. Cikin kwana biyu ko uku halin mutum ke fitowa fili. Ka ce masa kana son hoto mai fiksil 32 a kan 32 wanda bayansa fayau ne, ka ga ko haka zai turo ko kuwa zai turo maka hoton allo ta WhatsApp duk ya dagule. Ka ga ko zai ce "ba zan iya gama wannan ba" tun da rana, ko zai yi shiru sai saura awa ɗaya a rufe. Idan bai yi maka ba, asararka ƙarshen mako ɗaya ce, ku rabu lafiya. Kuma shafina na itch.io, da 'yan ƙananan gem ɗin da ke kai, ya fi duk wata doguwar gabatarwa aiki. Masu kundin labari suna da yawa, wanda ya taɓa kai abu ƙarshe ne ake nema, ni ma yanzu shi nake tambayar duk wanda ya tuntuɓe ni: turo mini abin da ka gama, ko da ƙarami ne.

Abin mamaki, mutanen da na fi daɗewa ina aiki da su yanzu ba a intanet na same su ba. Na yanke shawarar yin dara a waya, domin ƙarama ce kuma na san zan iya gama ta: gurabe 30, biyar a kan shida, kowane ɓangare da 'ya'ya 12, a jera su tukuna sannan a fara matsawa, wanda ya haɗa uku a layi ya ci ɗan abokin karawa. Zanen allon da 'ya'yan wata 'yar'uwa ce ta yi mini, wadda sana'arta tsara katin biki da fosta. Ba ta taɓa yin aikin gem ba, amma ta san launi, ta san cika alƙawari, kuma idan na ce gobe to goben take turowa. Sautin kuma wani ɗan unguwarmu ne mai ƙaramin situdiyo, wanda ke haɗa wa mawaƙa kiɗa da FL Studio. Da na ce masa ina son ƙarar ajiye tsakuwa a rami, sai ya ɗebo tsakuwa da yashi a tire ya ɗauka da makirfo, ya turo mini kala-kala in zaɓa.

Kafin ta ja layi ɗaya na tura mata rubutu bai fi rabin shafi ba. Zanen nata ne, tana iya sa shi cikin ayyukan da take nuna wa masu ba ta aiki, tana iya sayarwa. Ni kuma ta ba ni izinin amfani da shi a wannan gem har abada, ko ta ci gaba da aikin ko ta bari, kuma sunanta zai fito a ciki. Asalin fayilolin masu hawa-hawa, waɗanda ake iya gyarawa, za su zauna a ma'ajiyar da dukanmu ke da mabuɗinta. Ta karanta ta yi dariya ta ce, "Yaya, duk wannan a kan rami da tsakuwa?" Na ce mata ta dai sa hannu. Mai situdiyo ma haka, sai dai shi kuɗi ya zaɓa a kan rabon riba, kuma na ga hikimarsa. Ribar da ake ta alƙawarin rabawa a sanarwoyin nan, kafin ta zo sai an biya Steam, kasuwar sayar da gem ɗin kwamfuta, dala 100 a kan kowane gem, su kuma ɗauki kashi 30 cikin ɗari na ciniki, sannan sai gem ɗin ya fito tukuna, wanda namu na farko ko kusa bai yi ba.

Ma'ajiyar a GitHub take, shafin da masu kod ke ajiye aikinsu, kuma duk wanda zai haɗa aiki da wani a Godot ya koyi Git, manhajar da ke bibiyar duk canjin da aka yi wa aikin, tun kafin ya nemi abokin. Ya hana foldar .godot, inda Godot ke tara fayilolinsa na wucin gadi, shiga ma'ajiya, ya sani cewa GitHub ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura megabayit 100, kuma kada mutum biyu su taɓa fayil ɗin fage ɗaya a lokaci guda, don warware karon da ke biyo baya ba daɗi. Amma ni babban abin da nake so a Git shi ne kowa na da cikakken kwafin aikin a na'urarsa. Ba wanda zai wayi gari ya rufe wa wani ƙofa.

Masu gwaji kuwa dattawan da ke buga dara da la'asar a gindin dalbejiyar layinmu ne. Na miƙa wa ɗayansu wayar, na tsaya a bayansa na kame bakina, wanda shi ne abu mafi wuya a gwaji. Na tsara a taɓa ɗa sannan a taɓa gurbin da za a kai shi, shi kuwa sai ya ɗora babban yatsa yana jan tsakuwar kamar yadda zai yi a ƙasa, ba ta motsa ba, ya sake ja da ƙarfi. Guraben ma sun yi wa yatsansa ƙanƙanta. Can da wasa ya yi nisa kwamfutar ta jera huɗu a layi ta ci masa ɗa, sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya koya wa abin nan dara? Huɗu ba ta ci." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka Baba, za a gyara." A zaman nan kaɗai na tashi da gyare-gyaren da ni da abokan aikina ba mu hango ba, har da gardamar da ta kaure tsakaninsu a kan wasu ƙa'idoji da kowa ya ce a garinsu ba haka ake yi ba, abin da ya sa na ƙara wurin zaɓen ƙa'ida kafin a fara wasa.

Kwanakin baya na ga zanen mutumin nan a kasuwa, jarumina da takobinsa da kufansa, a farashin da bai taka kara ya karya ba, da lasisin da ya halatta wa duk wanda ya saya ya sa su a gem ɗinsa har ya sayar. Wato da 'yan daloli zan iya dawo da tsohon aikina daidai yadda yake, saran nan ya sauka a hoto na huɗu kamar da. Abokaina sun ce in saya kawai in huta. Sun fi ni gaskiya a lissafi, amma hannuna ya ƙi zuwa wajen, in biya kuɗi a kan hotunan da ni na ba da ma'aunin rabinsu.

Yanzu abin da ke gabana shi ne ɗora darar a Google Play. Dala 25 ta rajista na biya, amma sabon asusun mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji aƙalla 12 sun riƙe gem ɗin kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fito ga kowa. Dattawan gindin dalbejiya sun ce sun yarda, sai dai yawancinsu ƙaramar waya mai madanni suke riƙewa, don haka jikokinsu nake bi gida-gida ina karɓar adireshin Gmail.