Na Tanadi Ragon Suna, Ban Tanadi Kuɗin Asibiti Ba

A shekarar 2019, lokacin da maiɗakina take ɗauke da cikinta na fari, ina ganin babu magidancin da ya kai ni shiri a unguwarmu. Tun ciki yana wata bakwai na sa wani abokina da ke zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a ya sayo mini rago, na ɗaure shi a zaure ina ba shi dusa da harawa, na shiga Kantin Kwari na sayo turamen atamfa na fitar suna, na kuma biya kuɗin itacen wankan jego. Idan aka yi mini zancen asibiti sai in ce ai tana zuwa awo kuma an ce lafiya ƙalau, saboda haka ko naira ɗaya ban ware ba domin abin da ka iya faruwa a ɗakin haihuwa.

Naƙuda ta kama ta da dare a gidan iyayenta, inda ta tafi goyon ciki kamar yadda aka saba yi a haihuwar fari. Bayan ta kwana ta wuni tana fama, likita ya kira ni gefe ya ce ba za ta iya haihuwa da kanta ba, sai an yi mata aiki. Wata ma'aikaciyar jinya ta miƙo mini takarda mai ɗauke da jerin magunguna, da ruwan ƙari, da zaren ɗinki, da jini leda biyu da za a ajiye ko da za a buƙata. Da na je wurin biyan kuɗi aka haɗa lissafi, sai na ga ya zarce albashina na wata guda, ga shi abin da ke aljihuna bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Na kira yayana da ƙarfe ɗaya na dare, kuma bayan ya ba ni abin da ya samu, abin da kawai ya ce shi ne: “Kai da ka ɗaure rago tun wata biyu, ba ka ajiye na asibiti ba?” Da gari ya waye na kira mahauci ya taya ragon, na sallama masa a ƙasa da yadda na saye shi, domin wanda matarsa take kwance a gadon asibiti ba shi da bakin ja-in-ja a ciniki.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa na yi lissafina a juye, kuma na lura cewa ba ni kaɗai ba ne. Hidimar suna a idon jama'a ake yin ta: maƙwabta suna ganin girman ragon, dangin mace suna ƙirga turamen da aka yi wa maijego, mata suna lura da waina da sinasir da aka raba. Kuɗin asibiti kuwa babu mai ganinsa sai kai da mai karɓar kuɗi, shi ya sa kunyar mutane take sa mu fara tanadin abin da za a gani, mu bar wanda rai ya rataya a kansa. Alhali malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa yankan suna ba farilla ba ne, kuma dabba guda ta wadatar, namiji aka haifa ko mace, ga wanda yake da hali. Ban taɓa jin malamin da ya ce a ci bashi domin anko ko hayar rumfa da kujeru ba.

Kuɗin haihuwa yana fara fita ne tun daga awo, sai dai da yake kaɗan-kaɗan yake tafiya, mutum ba ya ankara. Akwai kuɗin kati, da gwajin jini da na fitsari, da hoton ciki, da magungunan ƙarin jini, sannan ga kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, maimakon huɗu da ake cewa a da, kuma duk wanda yake zaune a Najeriya ya san abin da ya faru da kuɗin abin hawa tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. An ƙara mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma farashin magani da abinci bai tsaya jiran kowa ba. Idan wata ya kusa kuma, ungozomomin asibiti za su ba ku jerin kayan haihuwa, irin su safar hannu, audugar mata, ledar shimfiɗa, sabulu, Dettol da maganin cibi. Waɗannan gara a saye su da wuri, ɗaya bayan ɗaya, tunda ba sa lalacewa kuma farashinsu hawa kawai yake yi.

Haihuwa ta biyu ta zo mana a watan Fabrairun 2023, a tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira. A wannan karo ina da kuɗin, amma suna cikin banki, mai adaidaitan da ya ɗauke mu da asuba kuma ya ce shi ba ya karɓar tiransifa, sai da na bar masa wayata jingina. Ta haihu da kanta, alhamdulillahi, amma tun daga ranar na ƙudurta ajiye wani abu tsaba a gida da zarar ciki ya shiga wata na takwas, tare da lambar wayar masu abin hawa biyu da za su iya fitowa cikin dare. Haka nan nakan nemi alkawarin mutum biyu daga cikin dangi da za su ba da jini idan an buƙata, domin a asibitocinmu galibi 'yan uwan majinyaci ake nema su kawo mai bayarwa.

Batun inshorar lafiya ya cancanci a tsaya a kansa, domin da yawa daga cikinmu ma'aikata ana cirar kuɗinta daga albashinmu ba tare da mun san abin da ta ƙunsa ba. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, a madadin tsohon tsarin NHIS, jihohi kuma suna da nasu tsarin, kamar hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa galihu aikin haihuwa kyauta. Shawarata ita ce mutum ya je da ƙafarsa tun ciki yana ƙarami, ya tabbatar sunan iyalinsa yana cikin rajista, ya tambayi asibitin da aka tura shi, ya kuma tambayi abin da tsarin ya ɗauke da wanda bai ɗauke ba. Ko da an ce kyauta ne, ni ba na rusa asusun gaggawa, saboda idan maganin da ake buƙata ya ƙare a ɗakin magani na asibiti, kemis ɗin da ke tsallaken titi kuɗi hannu yake sayarwa.

Bayan an sallamo maijego ne wani kashe kuɗin yake buɗewa, wanda ya fi na suna tsawo. Kwana arba'in ana hura wuta safe da yamma domin wanka, ga kauri da yaji da kunu, ga abincin 'yan barka da ba sa yankewa har mako ya zagayo. A kan kunun kanwa dai mun sha muhawara da mahaifiyata, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego. Mun daidaita a kan kunun gyaɗa da ruwa mai ɗumi. Rigakafin yara kyauta ne a asibitocin gwamnati, daga na ranar haihuwa zuwa na mako 6, 10 da 14 har na ƙyanda a wata tara, kuma shayar da nono zalla na wata shida yana raba gida da kuɗin madarar gwangwani. Abin da yake cin aljihu shiru-shiru shi ne famfas, shi ya sa muke amfani da nafkin na wankewa a gida, mu bar famfas sai dare ko fita unguwa. Akwai kuma asarar da ban taɓa sakawa a lissafi ba sai da na gan ta: maiɗakina tela ce, kuma daga watan ƙarshe na ciki har ta yi arba'in kekenta a rufe yake, wato kuɗin cefanen da take tallafawa da shi ya dawo kaina gaba ɗaya.

Yanzu muna jiran na uku, in Allah Ya yarda. Tun wata na biyu na fara ware kashi ɗaya cikin goma na albashi a wani asusu dabam wanda ba ni da katinsa a aljihu, ita kuma ta shiga adashin matan layinmu, ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasa a watan haihuwa. Mun rubuta tsarin a bayan littafin awon kayanta na ɗinki: kuɗin aiki da jini a sama, sai kayan haihuwa, sai abincin wata biyu, sai rago, atamfa kuma a can ƙasa. Makon jiya Hajiya mahaifiyata ta zo duba maiɗakina, ta leƙa zaure ta ga babu komai sai babur, ta dube ni ta ce: “Malam, ciki wata bakwai, ina ragon?” Na ce mata: “Hajiya, yana banki, sai an sauka lafiya zan kwanto shi.” Ta yi dariya ta ce to a dai samo mai ƙaho, kada in kunyata ta a gaban surukanta.