Kwamfuta mai RAM 4GB da bayanan mata dubu arba'in

Kundin digirina na biyu a kan haihuwa a gida ne a Jigawa, kuma a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim nake aikinsa, da wata kwamfuta 'yar gwanjo mai RAM 4GB. Bayanan da nake dogara da su na binciken lafiya ne na ƙasa, NDHS na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta gudanar. Mata 41,821 aka yi wa tambayoyi, kowace kuma da gurabe dubbai na amsoshinta a fayil ɗin.

In ka ce wa R, manhajar da nake lissafi da ita, ya buɗe shi dungurungum, sai kwamfutar ta sandare. Fanka na ta gurnani, cajin da na biya a shagon mai sola na ta zurarewa, daga ƙarshe a ce wuri bai isa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. R yana kwaso komai ya jibge a RAM kafin ya fara lissafi. Ma'ajiyar kwamfuta rumbu ce, RAM kuwa tabarmar shanya. Komai cikar rumbu, abin da tabarma ta ɗauka kaɗai hannunka zai taɓa. Lamba ɗaya kan ci bayit 8. In gurabe 5,000 ne, ka ninka da yawan matan, an haura GB ɗaya da rabi, ga Windows ya riga ya lashe kusan rabin tabarmar, ga R yakan yi kwafi in ka canza abu. Zafin watan Afrilu ma da nasa: kwamfuta in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu.

Ƙanena cewa ya yi, "Yaya, ka sayar da riɗinka ka sayo sabuwa." Ban yarda ba. Masu cewa a koma manhajar Stata ma su sani, ƙaramarta gurabe 2,048 kawai take ɗauka.

Tambayata ba ta buƙatar gurabe dubbai. Shekarun mace, karatunta, ƙarfin gidansu, awon ciki, inda ta haihu. Da umarnin R na read_dta da col_select na zaɓo waɗannan tun daga ƙofa, fayil ya buɗe cikin daƙiƙoƙi. Sai dai kada garin rage kaya ka yar da guraben v005, v021 da v022. Su ke riƙe da nauyin kowace amsa da tsarin zaɓen gidaje, kuma v005 sai an raba shi da miliyan ɗaya kafin a yi aiki da shi.