Laraba: fura da na'urar hannun Baba

Da asuba na kara waya a damtsen Baba, ta nuna 118. Alhamdulillahi. Baba yana da ciwon suga, wannan kuwa na'urar auna suga ce da ke manne a damtsensa, FreeStyle Libre, 'yar farar aba mai faɗin kwabo, da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. Kwana 14 take yi a canza ta.

Da hantsi Inna ta dama masa fura da nono, ko ƙwayar suga ba ta sa ba. Ya shanye kwanon tas. Bayan kamar awa ɗaya na duba, sai ga layin sugan a wayar ya miƙe sama har ya haura 230. Likitansa ya ce a yi ƙoƙari sugan ya zauna tsakanin 70 da 180, aƙalla kashi 70 cikin 100 na yini. Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe geron ma, 'yar nan?"

Wallahi sai da na ji ƙwalla. Shekara da shekaru muna fama da shi kan yawan fura, kullum amsarsa ai ba zaƙi. Ba taurin kai ba ne, bai taɓa gani da idonsa ba ne. Awon da ake soka yatsa da safe ba ya kama wannan hawan, domin kafin gari ya waye ya riga ya sauka. Gwajin HbA1c kuwa matsakaicin wata biyu zuwa uku yake bayarwa. Na'urar ba magani ba ce, maganin sugansa, metformin, yana nan yana sha, amma yau ta yi abin da bakinmu ya kasa.

Da rana da kansa ya ce a ba shi rabin malmalar tuwon dawa, a ƙara masa kwaɗon zogale. Bayan La'asar ya zagaya unguwa a ƙafa. Sugan bai wuce 170 ba.

Likita ya ja mana kunne cewa ruwan da ke ƙarƙashin fata na'urar take aunawa, tana bin bayan jini da 'yan mintuna. In Baba ya ji jiri ko rawar jiki alhali lambar na nuna lafiya, a soka yatsa a tabbatar.

Damuwata yanzu biyu ce. Zufar zafin Sakkwato ta fara ɗaga gefen ɗankon na'urar, na ƙara masa filasta. Ga kuma tsada. Bayan Isha na kira Yaya, mun yi magana kan yadda za mu haɗa kuɗin ta gaba.