Rigar ruwan gwanjo da ta kwantar da ni kwana biyar a tsakiyar teku

Har yau in na kalli wuyan hannuna na hagu sai raina ya ɓaci, tabo ne guda biyu baƙaƙe kamar an ɗana min garwashi, kuma ba ƙayar kifi bace ta soke ni, ba waya bace ta yanke ni, rigar ruwa ce. Rigar da na cire kuɗina na saya da hannuna, ina tafe ina murmushi wai na yi wayo.

Ni ɗan Yawuri ne, a ruwa na tashi, tun ban kai shekara goma ba nake bin babanmu duba mamari da gura, kayan kamun kifinmu, a tafkin Kainji, shi ya sa da kawuna ya samo min aiki a jirgin kamun jatan lande da ke tashi daga Legas ban taɓa tunanin akwai wanda zai koya min wani abu kan jiƙewa ba. Mu can gida in hadari ya haɗu ai gaɓa ake nema, in kuma ya riske ka sai ka huda babbar leda ka zura kai, ko ka bari ya dake ka anjima rana ta fito ka bushe. Abin da ban lissafa ba shine teku ba ta da gaɓar da za ka fake, doka ma ta hana irin jirginmu jan koma cikin mil 5 na farko daga bakin ruwa, kuma in aka fita sai a yi wata ɗaya da rabi ba a taka ƙasa ba, koma tana cikin ruwa dare da rana, duk bayan awa uku zuwa huɗu a ɗago a zazzage a tsince a wanke a jera a kwali, ko sama na tsagewa ba ruwan kowa.

Kawu ya faɗa min fa, ba zan yi masa ƙarya ba. Yace je ka nemi ta roba mai kauri, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, da wandonta mai zuwa ƙirji, kar ka tsaya kallon kyau. Ya ba ni kuɗi ya ƙara kan wanda nake da shi. Na je kasuwa na ga irin wadda yake nufi, nauyi kamar tamfol, wari kamar sabuwar taya, na ɗaga na ajiye. Ina juyawa sai wani mai gwanjo ya zaro min wata shuɗiya daga ƙasan dila, mara nauyi, zif ta ko'ina, aljihu har a hannu, yace oga wannan ta Turawa masu hawan dutsen ƙanƙara ce, ruwa ba ya shiga amma gumi yana fita, numfashi take yi. Ya fasa fiya wata ya zuba a hannun rigar, wallahi ruwan nan ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Shikenan ya gama da ni. Na biya sama da ninki biyu na kuɗin ta robar, ɗan canjin da ya rage na sayi wandon ruwa irin na 'yan acaɓa.

Da na kawo Kawu ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya juya cikinta ya duba, yace ɗan nan wannan ai ta zuwa zance ce. Nace Kawu ai zamani ya canza, ku kun saba da ta da ne. Bai ƙara cewa komai ba. Wannan maganar tawa ita tafi ci min rai yanzu.

Watan Yuni muka tashi, muka nufi gabas wajen Forcados da Brass har Bonny, kuma duk wanda bai taɓa ganin damina a wannan yankin ba to bai san ruwan sama ba, wuraren nan suna samun wajen milimita 4,000 ko fiye a shekara, mu Yawuri kusan 1,000 ne, ga feshin teku da iska ke watso maka ta gefe, ga tiyo da ake wanke dek da shi, wato filin saman jirgi inda muke aiki. Wandon bai ma kai ko'ina ba, dare na biyu na tsuguna zan ɗauki kwando naji ɓarrr, ya tsage daga gaba har baya. Wannan ban damu ba, na san arha na saya. Rigar ce nake taƙama da ita, kuma kwana uku na farko ta yi min aiki, har ina kallon sauran suna zufa cikin robarsu ina jin tausayinsu.

Rana ta huɗu na lura kafaɗun sun yi duhu, ruwan ya daina gangarewa, yadin yana sha yana nauyi. Ƙirjin rigar duk yauƙin kifi ne da ɓawo da baƙin gris na winci, injin da ke ɗago koma, sai na yi dabara irin tawa na jiƙa ta da omo na cuɗe ta sosai. Ashe kashe ta na ƙarasa yi. Da ta ɗan sha iska na juya cikinta sai ga wani siririn tef da aka manna a kan kowane ɗinki yana ɗagowa kamar maciji na saɓa, wani farin abu kuma yana zubowa kamar amosani yana manne min a singileti. Daga ranar duk inda allura ta bi ruwa yake bi, wuya, kafaɗa, hammata.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, jiƙewa ce kawai, ai na saba. Bakin hannun rigar ne ya yi min illa. Yana da abin mannawar nan mai ƙar-ƙar, to shi ne ya cika da gishiri da yashi da ɓawon jatan lande ya bushe ya zama kamar sanfefa, duk ɗaga kwando sai ya goga min a wuyan hannu, kuma duk lokacin da na ɗaga hannu sama ruwan ƙazanta ya gangaro ta ciki har gwiwar hannu. Fata ta yi laushi ta saɓule, ƙuraje suka fito, ga hodar nan da ake jiƙawa a tsoma jatan lande don kar kansa ya yi baƙi, in ta taɓa wurin kamar an zuba barkono. Na yi shiru ban faɗa wa kowa ba saboda kunya, ina zan sa fuskata bayan nace zamani ya canza. Cikin kwana goma ƙurajen suka zama maruru, hannu ya kumbura har agogo ba ya shiga, kaluluwa ta fito min a hammata, sannan da jiƙaƙƙun kayan nan nake shiga ɗakin sanyi jera kwali inda sanyin yake kai digiri 18 ƙasa da sifili. Wani dare ina tsintar kifi naji haƙorana suna haɗuwa, ban san lokacin da na zauna daɓas a cikin ruwan dek ba.

Kwana biyar na yi a kwance. Kyaftin ya buɗe akwatin magani ya ba ni ƙwayoyi, aka matse marurun, wannan kam ba zan so wa maƙiyina ba. An zaftare min kason da ake ba ma'aikata kan yawan kamu, na haƙura da wannan, laifina ne. Amma a jirgi in mutum ɗaya ya kwanta aikinsa ba ya kwanciya, wani ne zai ɗauka, kuma Kawu ne ya ɗauka, mutumin da ya haura hamsin, yana gama nasa ya tsaya a gurbina don kar a ce yaron da ya kawo ragon banza ne. Ina kwance ina jin ƙarar winci ina lissafa sau nawa ya fita cikin ruwan nan saboda rigar zuwa zance.

Wanda ya warware min abin wani injiniya ne ɗan Gana da ya tashi a zango, Hausarsa raɗau. Ya ɗauki rigar ya duba yace ba jabu bace, mai kyau ce a zamaninta, kawai ba wurinta bane nan. Irin wannan yadin wata siririyar fata ce a ciki mai ƙananan ƙofofi da tururin jiki ke iya bi amma ɗigon ruwa ba ya iya bi, a waje kuma an fesa wani sinadari da ke sa ruwa ya dunƙule, shine abin da mai gwanjo ya nuna min. Man kifi da gris da dizal da omo duk suna kashe wannan feshin, da zarar ya mutu yadin waje ya jiƙe numfashin ya tsaya. Kuma ko da sabuwa ce dal, numfashin yana aiki ne in waje ya fi cikin rigar sanyi da bushewa, to a tekunmu iskar waje ma jiƙe take sharkaf, gumin ina zai je? Tef ɗin kuwa gam ne ke riƙe da shi, rigar da ta yi shekaru a jikin wani sannan ta kwanta a dila cikin zafin Legas gam ɗinta ya riga ya mutu tun kafin in ganta. Ni kuma hannu kawai na bari aka zuba wa ruwa, ban ko juya cikinta ba.

Da na tashi Kawu ya buɗe jakarsa ya miƙo min tsohuwar tasa, Guy Cotten ce mai tambarin ɗan mutum rawaya ya baje hannu, ta sha faci har uku. Ashe tun daga Legas ya sako ta saboda ni, bai faɗa ba. Kamfanin na Faransa ne, tun 1964 suke yi wa masuntan yankin Biritaniya ta Faransa kaya, akwai kuma Grundéns ta Suwidin da Helly Hansen ta Norwe wadda wani kyaftin ɗin jirgi ya fara a 1877 da yadin da ake jiƙawa da mai. Duk masu sanyin nan da kuɗinsu da iliminsu, in dai aikin kifi ne a dek har gobe roba suke sawa, PVC da aka shafe a kan yadi, kuma gaɓoɓinta narka su ake yi a haɗe, ko an ɗinka sai an bi an like, ba ramin allura a buɗe. Yauƙi ya taɓa ka sa tiyo ka wanke ya tafi. Launin ma da na raina ashe da dalili, in ka faɗa ruwa da dare shuɗiyar riga wa zai hango ka.

Kar wani ya ɗauka daɗi ne da ita fa. Zafi ne da ita kamar tukunya, za ka jiƙe da gumi, amma gumin jikinka daban ruwan kifi mai gishiri daban. Abin da na koya daga baya shine ka sayi wadda ta fi ka girma kaɗan don iska ta riƙa shiga ta ƙasa, kuma kar ka sa auduga a ciki, singileti in ta jiƙe ta jiƙe kenan har gobe, rigar ƙwallo ta fi, ina da guda uku ina juyawa. In ba a ruwan sama wandon mai ƙirji kaɗai ya isa wajen tsinta, a ajiye ta saman. Kuma wandon nan in kuɗinka na abu ɗaya ne to shi za ka fara saya, shi ke shan wahalar, da na san haka da kuɗin shuɗiyar nan ya saya min shi har da canji. Ƙafar wando a kan takalmin roba take sauka, ba a cusa ta ciki, na ga sabon yaro ya cusa ya yini yana tafiya da kududdufi a ƙafa har ya samu cin ruwa. Igiyar hula ko duk wani abu mai reto a yanke ko a cusa, winci ba ya tambaya.

Bakin hannu kuwa yanzu kamar mai ciwon tsoro nake da shi. Duk an gama zagaye sai na wanke shi da ruwan daɗi ciki da waje, in wanke wuyan hannuna in shafa basilin, in na ga ja ko kaɗan in naɗa tsumma mai tsabta. Ashe tsohon ciwon masunta ne, Kawu yana da nasa tabon, duk tsofaffin jirgin suna da shi, kowa ya sani sai ni. Akwai masu bakin hannu na roba mai kama fata, suna hana ruwa gangarowa sosai, sai dai wajen alwala sai ka cire rigar gaba ɗaya, ni na zaɓi haka. In za a shanya a juya cikinta a rataye, kar a ninke ta jiƙe kuma kar a jingina ta da bututun inji. In ta huje gam ɗin PVC ake sawa da ƙyallen irinta, sholishon mai faci ba ya kama ta, na gwada ya ɓare a kwana ɗaya.

Yanzu tafiyata ta shida kenan, saitin da na saya bayan waccan tafiyar har yau shi nake sawa, faci ɗaya ne a gwiwa. In sabon yaro ya zo yana tambaya ba na dogon bayani, hannuna nake nuna masa, in ce ya juya cikin rigar ya ja gaɓar da ƙarfi kafin ya biya. Wasu su ji wasu su yi min kallon da na yi wa Kawu.

Shuɗiyar ban yar ba, na kasa, kuɗin ya yi yawa. Na kai ta gida Yawuri da niyyar in ba ƙanena mai acaɓa, shi ma ya sa sau ɗaya ya dawo min da ita yace Yaya wannan ai rariya ce. Da na je hutun sallah na tarar Inna ta rufe akurkin kaji da ita, ta ɗora dutse a kan hular.