Shirun da ke tsakiyar jimla

A karatuna na koyar da harshe, na daɗe ina sauraron muryoyin ɗaliban Iran masu koyon Turanci, kuma a nan na gane cewa shirin magana kala biyu ne. Akwai wanda ake yi kafin a buɗe baki, a ba ɗalibi minti goma ya tsara abin da zai faɗa. Akwai kuma wanda yake yi yana cikin magana, muddin ba a tsaya masa a ka da agogo ba.

Shirin farko yana sa magana ta gudana, jimloli su yi kauri, kamar yadda masu binciken koyon harshe Foster da Skehan suka nuna tun 1996. Amma wajen rage kuskure ba kullum yake cika alkawari ba, domin mintunan nan yawanci a kan labarin suke ƙarewa: wa ya zo, me ya biyo baya. Nahawu sai an zo bakin faɗa ake tunawa da shi.

Ɗalibin Iran kuwa ya san ƙa'ida. Jarrabawar shiga jami'arsu, konkur, ta daɗe tana gwada nahawu da karatu, ba magana ba, saboda haka ilimin yana nan a kai, fito da shi ne ke neman lokaci. Farisanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna, abin da ke ba Bahaushe mamaki, mu da "shi" da "ita" suke bakinmu tun yarinta. Sai ka ji ɗaliba tana ba da labarin mahaifiyarta, ta ce "he", ta yi shiru, ta ja numfashi, ta dawo ta ce "she". Wannan ɗan shirun aiki ne take yi, kuma raina yana ɓaci in na ji malami ya tsoma baki a daidai nan ya ƙarasa mata.

Gaskiya ne rashin gaggawa yana rage saurin magana. Ahmadian da Tavakoli na Jami'ar Isfahan sun gwada maganin haka a binciken da suka wallafa a 2011: suka bar ɗalibai su yi magana a tsanake, suka kuma sa su maimaita aikin. Da aka haɗa biyun, kuskure ya ragu, saurin ma ya ƙaru. Haka nake yi yanzu a aji: labari ɗaya, a faɗa a natse, wani mako a sake faɗa.