Tamar Itakpe da tambayar da wata ɗaliba ta yi mini

A zangon karatun da ya wuce, ina tsaka da yi wa ɗaliban aji huɗu bayanin yadda ake fitar da ƙarfe daga tama, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu da har yanzu ba mu kai ga narka tamarmu ba, ina ruwanmu da batun rage hayaƙi? Ai sai an ƙoshi ake zaɓen abinci." Na amsa mata a gurguje saboda lokaci ya ƙure, amma tambayar ta biyo ni har gida, domin ni ma na sha yi wa kaina ita tun lokacin da na karkatar da bincikena zuwa wannan ɓangare na ilmin ƙarafa.

Tama dai ƙarfe ne da ya ƙulle da iskar oksijin, ɗan'uwan tsatsar da muke gani a jikin tsohuwar fartanya, kuma duk aikin mai narka shi ne ya raba su. Kakanninmu da gawayi da zugazugi suke yin haka. An tono tanderun narka tama a Taruga, kusa da Abuja, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma tarihin baka na Kano yana cewa neman tama ne ya kawo maƙeran farko gindin Dala. Babban tanderun zamani bai bar wannan tushe ba, sai dai ya maye gurbin gawayi da gasasshen kwal: kabon ɗin da ke cikin kwal ya kama oksijin ɗin tama, su fice tare a matsayin iskar kabon dayoksaid. Ta wannan hanya ake samar da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfen duniya, wanda yake kusan tan biliyan 1.9 a shekara, fiye da rabinsa daga ƙasar Sin. Kowane tan ɗaya na ƙarfe yana barin kusan tan biyu na wannan iska a sararin sama, shi ya sa masana'antar ƙarfe ita kaɗai take ɗauke da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na hayaƙin da ke dumama duniya.

Abin da ya sa na ƙi yarda cewa wannan bincike na ƙoshassu ne yana cikin tarihin masana'antunmu biyu. A 1979 Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet kan gina kamfanin Ajakuta, wanda aka tsara zai fara da tan miliyan 1.3 a shekara ta hanyar babban tanderu, tanderun da har yau ba a hura shi ba. Ko da an hura shi, akwai matsalar da takan kuɓuce wa masu muhawara a rediyo, wato kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa ya dunƙule yadda tanderun yake buƙata, na Lafiya-Obi kuwa da yake gasuwa toka da farar wuta sun yi masa yawa, saboda haka dole a riƙa shigo da kwal daga waje. Shi kuwa kamfanin Aladja da ke kusa da Warri, wanda aka buɗe a 1982, wata hanya daban ya bi. Iskar gas ake fasawa ta koma haidirojin da kabon monoksaid, a bi da ita ta cikin tamar da aka mulmula ƙwallaye, ta zare oksijin ba tare da tamar ta narke ba, a sami ƙarfe mai ƙananan ramuka kamar soso, daga nan a narka shi da wutar lantarki. Sandunan ƙarfen Aladja ne aka tsara za su ciyar da kamfanonin mulmula ƙarafa na Katsina da Jos da Oshogbo.

To, wannan hanya ta Aladja ita ce duniya take komawa gare ta yanzu. A garin Luleya na arewacin Suwidin, shirin HYBRIT da kamfanonin SSAB da LKAB da Vattenfall suka kafa a 2016 ya yi amfani da irin wannan tanderu, amma da haidirojin zalla, wadda idan ta kama oksijin tururin ruwa ne kawai yake fita, kuma a 2021 suka miƙa wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko da aka samar haka. Ba na yaudarar ɗalibaina cewa gobe za mu yi irin wannan. Tan ɗaya na ƙarfe yana cin haidirojin fiye da kilo 50, kowane kilo kuma yana cin lantarki kusan kilowat-awa 50 kafin a tsage shi daga ruwa, ta yadda masana'anta mai tan miliyan ɗaya a shekara za ta buƙaci kusan megawat 300 dare da rana don samar da haidirojin kaɗai, a ƙasar da wutar da ake rabawa takan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Amma muna da iskar gas, ga kuma bututun da ake shimfiɗawa daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, kuma tanderun da aka gina don gas ana iya ƙara masa haidirojin sannu a hankali, alhali wanda aka gina don kwal zai ɗaure mu da kwal na tsawon shekaru masu yawa.

Inda aikinmu yake, mu malaman jami'a, shi ne a jikin tamar kanta. Tamar Itakpe, inda ake haƙar tama a jihar Kogi, ƙarfen cikinta bai wuce kashi 36 cikin 100 ba, saura mafi yawa tsakuwar yashi ce, ita kuwa hanyar gas da haidirojin tana son tama mai kusan kashi 67, domin duk dattin da ya shiga tanderun zai bi ƙarfen har wurin narkawa ya ci wuta a banza. A ɗakin gwaje-gwaje mukan daka dutsen, mu niƙa shi har ya yi laushi kamar garin tuwo, mu zuba a ruwa, sannan mu kusanto da maganaɗisu. Baƙin garin yakan taso ya miƙe a jikin maganaɗisun kamar gashin bushiya, farin yashi ya kwanta a ƙasan kwano, amma akwai wani ja-ja a tsakani, mai ɗauke da ƙarfe sosai, wanda maganaɗisu mai rauni ba ya jan sa. Yadda za a ceto wannan kaso ba tare da kuɗin niƙa ya cinye ribar ba, da yadda ƙwallayen za su jure zafi ba su manne da juna ba, tambayoyi ne da babu wanda zai amsa mana su daga Suwidin, domin tamarsu ta Kiruna ba irin tamu ba ce.

Aikin yana da jinkiri. Gwaji ɗaya yakan ci sati, wuta takan ɗauke tanderu yana tsakiyar zafi a koma farko, kuma sau da yawa sai mun aika samfuri wani gari kafin a auna mana abin da ke cikinsa. Duk da haka ina son sa, kuma ina jin daɗin ranar da ɗalibi ya fara ganin ramukan ƙarfen da ya gasa da hannunsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Ɗalibar nan ta zo ofishina bayan sati biyu tana neman batun da za ta yi aikin kammala digiri a kai. Na ba ta buhun dutsen Itakpe mai kilo 10 da jerin rariya shida, na ce ta fara gano laushin da za a kai garin kafin yashi ya saki ƙarfe. Yanzu tana kan rariya ta huɗu.