Kafin Ka Danna F10

Ranar Asabar na tarar da ɗan ƙanena a gaban BIOS, shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, waya a hannun hagu, yana kwafar lambobin wani Bature daga YouTube yana zuba wa RAM ɗinsa, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, domin ya ƙure mata gudu. Furosesarsa Ryzen 5 7600 ce, da RAM DDR5-6000 ƙwaya biyu, ko mako ba ta yi da haɗawa ba. Ya kai gudun 6400, ya ɗaga wani saitin RAM mai suna tREFI zuwa 65535, yatsansa na kan F10, maɓallin adana saiti. Na ce da me ka gwada? Ya ce, "Baffa, ai jiya ma ta tashi." Da wannan maganar na ruɗi kaina, shi ya sa ta yi mini zafi.

Tawa Ryzen 5 5600X ce da DDR4-3200, RAM ɗin da XMP, saitin da kamfani ya tanadar mata, ke ba ta bolt 1.35. Na tura ta zuwa 3800, na kai FCLK, gudun Infinity Fabric mai haɗa sassan furosesa, zuwa 1900 domin shi da RAM su tafi ɗaya da ɗaya, na ƙara wuta zuwa 1.5, na matse tRFC iya son raina. Gwajina kuwa MemTest86, manhajar gwajin RAM, zagaye ɗaya, da daddare, a watan Janairu, murfin akwatin kwamfutar a buɗe. Kuskure uku ke nan a zama ɗaya: gwajin ya yi gajarta, ɗakin da sanyin hunturu, katin girafik kuma yana barci.

Abin da ban tsaya na fahimta ba shi ne yadda RAM ke riƙe bayani. Kowane ɗigon bayani caji ne a cikin wata 'yar ma'ajiya mai yoyo, sai an riƙa sabunta shi a kai a kai. tREFI shi ne tazarar da ke tsakanin sabuntawa, tRFC kuma lokacin da aka ba ta ta kammala. Zafi yana hanzarta yoyon. Idan ka tsawaita tazarar, ko ka gajarta lokacin, ka cinye rarar da masu ƙera ta suka bari, kuma saitin da ya zauna daram a digiri 40 yana iya fara zubar da kuskure da ya haura 50. Da bazara ta shigo, iskar ɗaki a Afrilu ta doshi 40, aka rufe murfi, katin girafik ya riƙa huro zafinsa kai tsaye kan RAM. Sai wasa ya rufe kansa bayan awa ɗaya. Sai shuɗin allo mai MEMORY_MANAGEMENT. Sai fayil ɗin zip ya ƙi buɗewa.

Na zargi wasan, na zargi SSD, na zargi wutar janareta, har na sake saka Windows sau biyu, a kan RAM ɗin da ke lalata abin da ake rubutawa tun ana cikin sakawa. Nan ne muguntar abin take. Furosesa da ta yi zafi tana rage gudu da kanta, ka ji fanka na ihu. RAM ba ta ihu. Ɗigo ɗaya ya juye, a rubuta shi cikin faifai, ka kwafe shi zuwa ajiyarka ta biyu, ba za ka sani ba sai ranar da ka buɗe hoton. Event Viewer kuwa, inda Windows ke rubuta matsalolin da ta gani, cike yake da gargaɗin WHEA-Logger mai lamba 19, alamar FCLK 1900 ta fi ƙarfin furosesata, ban taɓa leƙawa ba.

Ba zan ce hauka zalla na yi ba. A Ryzen, gudun RAM da na Infinity Fabric a ɗaure suke, kuma daga 3200 zuwa 3600 akwai riba ta gaske, musamman wajen 'yar sarƙewar nan da hoto ke yi a tsakiyar wasa. Kuɗin sabon kati babu, wanda bai da doki ai jakinsa yake yi wa ado. Amma daga 3600 zuwa 3800, in ba a takardar gwaji ba, idona bai taɓa ganin bambanci ba. Kuma ko bayan na gane, girman kai bai bar ni na sauka ba, wuta na riƙa ƙarawa, ƙarin wuta kuwa ƙarin zafi ne. Na ƙarasa da sayo wasu ƙwayoyi biyu masu suna da lamba iri ɗaya da nawa, ban san kamfani kan canja guntayen ciki ya bar kwali yadda yake ba. Ƙwaya huɗu masu guntaye iri biyu, ko XMP suka ƙi ɗauka.

Na yi niyyar jero shawara goma. Da na duba, ba su kai ba.

Kunna EXPO, takwarar XMP ta kamfanin AMD mai ƙera Ryzen, ko XMP ɗin, ka tashi daga wurin. Shi kansa ƙure gudu ne: abin da AMD ta lamunce wa Ryzen 7000 shi ne DDR5-5200, da ƙwaya huɗu kuma 3600. Ƙwaya biyu daga kwali ɗaya, a gurbi na biyu da na huɗu daga furosesa, wato A2 da B2. 6000 ta isa. Sama da nan, madabod da yawa, wato babban allon da ake dasa kayan a kai, kan mayar da sashen furosesa mai kula da RAM rabin gudu, ka ga lamba ta ƙaru a allo alhali jinkiri ya ƙaru. Sabunta BIOS, sannan ka tabbatar wutar SoC, wadda ke ciyar da wannan sashen na furosesa, ba ta wuce bolt 1.3 ba. A 2023 an ga furosesa Ryzen 7000 sun ƙone har da soket saboda wannan wutar, sai da AMD ta sa mata iyaka.

To, na san ba za ku ji ba. Ku 'yan yanzu bidiyon minti takwas ma sai kun tsallake rabinsa, balle gwajin dare guda. Kuma gaskiya wanda bai taɓa lalata saiti ba bai san BIOS ba, don haka taɓa. Amma abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta tsohuwar lamba a takarda, kuma ka kwashe muhimman fayilolinka tukuna. MemTest86 zagaye huɗu cikakku daga filashi, sannan TestMem5 ko OCCT a cikin Windows awa biyu zuwa uku, murfi a rufe, katin girafik yana aiki tare, da rana tsaka ba da asuba ba. Buɗe HWiNFO64 ka sa ido kan zafin RAM, DDR5 tana da ma'auninta a jiki. Kuskure ɗaya faɗuwa ce, babu "ɗaya ne kawai". Kada a ruɗe ka da cewa DDR5 tana da ECC, wato tana gyara kuskure da kanta. Gyaran cikin guntu ne kawai, bai shafi abin da ya lalace a hanya zuwa furosesa ba.

Sanyaya kuwa ba fitilu masu launi ba ne. Fanka biyu na shigar da iska a gaba, ɗaya na fitarwa a baya, idan RAM na haura 50 ka ɗora mata fanka mai milimita 120 tana hura ta. Ƙurar hunturu kan toshe raga cikin 'yan makonni, a kakkaɓe, a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa. Wanda ya gwada a Janairu ya sake gwadawa a Afrilu. Baturen da kake kwafa ɗakinsa digiri 21 ne, guntayen RAM ɗinsa ma ba lalle irin naka ba ne.

Yaron dai ya danna F10 ina tsaye. Allo ya yi baƙi, fitilar DRAM, mai nuna matsalar RAM a kan madabod, ta kama. Na ce ya ba ta minti biyar, DDR5 kan ɗauki lokaci tana daidaita kanta bayan kowane canji. Ba ta dawo ba. Yanzu ya san inda batirin CR2032 na madabod yake, wanda ake cirewa domin BIOS ta koma saitinta na asali, da cewa sai an zare wayar wuta kafin a cire shi.